Shekarar da Ruwa Ya Ci Gitar Habu

Na daɗe ina kewaye wannan babin kamar mai sabon zane tana kewaye kwata. Na rubuta muku zuwana Douala daga Garwa, na rubuta aurena da babanku, Allah ya jiƙansa, na rubuta yadda na shiga ajin yaƙi da jahilci da furfura a goshina, 'yan mata suna dariya wai na riƙe alƙalami kamar muciya. Waɗancan duk ba su ba ni wuya ba. Saura wannan. Ku duka kun san shekarar da ruwa ya shiga gidanmu na New Bell ya ci gitar Habu, kuma kun tashi da labarin cewa yayarku ce ta bar ta a ƙasa da gangan. Ƙananan cikinku ma ba su ga abin ba, a baki suka ji, suka riƙe. Saboda wannan labarin Habu bai sake taka ƙofar yayarsa ba har yau. To, ba haka aka yi ba. Ku bi ni a hankali, kun san ni ba mai saurin magana ba ce, a rubutu ma haka nake.

Yayarku ba zan rubuta sunanta ba, 'yar fari ce, Yaya zan ce yadda kuke cewa. A shekarar ta dawo gida wankan jego da ɗanta na fari. Babanku yana rumfarsa ta yadi da huluna a kasuwa, ya fita da hantsi ya dawo bayan la'asar, mutum ne da bai cika magana ba, amma in ya faɗi ɗaya ta zauna. Ni ina suyar makala, wato fanke, a ƙofar gida da safe, da kunun gyaɗa, 'yan benskin, wato 'yan acaɓa, da masu turin kaya su ne masu sayena. Habu kuwa ya zama saurayi, gemu ya fara tsiro masa, yana aikin kafinta a Ndogpassi, a atelye, wato rumfar aiki, ta wani tsoho ɗan ƙabilar Basa da ake kira Papa Simon. Kujeru suke yi da armuwa ta zuba kaya. Ashe tsohon yana gyaran kayan kiɗa na 'yan coci da na masu wasa a gidajen biki, wannan kuma Habu bai faɗa a gida ba, daga baya na sani.

Abin daga yatsunsa ya fara. In yana jiran abinci, sai in ga yatsunsa suna tafiya a bakin faranti. In yana zaune a benci, suna tafiya a gwiwarsa. Ba irin kiɗan da yara suke yi da tafin hannu a bayan bokiti ba ne. Kan yatsun ne kawai, kuma kowane hannu da abin da yake yi: na hagu yana takawa a hankali kamar tsoho zai tafi masallaci, na dama yana gudu kamar cinnaka sun samu sukari. Ban taɓa ganin hannuwan mutum ɗaya sun raba hanya haka ba. Wata rana na gan shi ya sallame sallar magariba, maimakon ya ƙirga tasbihi, yatsun sun koma aikinsu a kan tabarma, shi kuma idonsa yana can wani wuri. Na kira shi sau biyu kafin ya ji.

Maƙwabciyarmu Ya Falmata, wadda ba ta ganin abu ta bar shi ya wuce, ta zo sayen makala ta tsaya tana kallonsa ta gefen ido.

"Maman Habu, yaron nan naki lafiya kuwa?"

"Lafiya lau, Ya Falmata."

"To Allah ya sa. Ni dai hannun da ba ya zama, in ba ƙwaya ba to ƙungiya. Yaron gidan nan na bayan famfo haka ya fara. Yau ga shi da mota, uwarsa ga ta a kabari."

Na yi dariya, na ƙara mata makala biyu don ta tafi. A kartiye namu, unguwarmu ke nan, kun san yadda ake tsoron 'yan ƙungiyar asiri masu ba da jininsu don arziki. Amma ni ba wannan ne tsorona ba, ba kuma ƙwaya ba, don na shinshina kayansa, na lalube aljihunsa, ban da ƙusoshi da garin katako ban samu komai ba. Tsorona ya girmi wannan, kuma sai na gaya muku abin da ban taɓa gaya wa babanku ba kafin ku gane shi.

Na ce masa uwata mai sayar da fura ce a Garwa. Gaskiya ne, amma rabi. Uwata 'yar bori ce. Ina ƙarama ana kai ni gidan da ake yi, a zaunar da ni a gindin katanga da ƙwaryar gyaɗa don in yi shiru. Masu garaya su fara kaɗawa, uwata tana zaune kamar kowa, tana hira, tana dariya. Ni kaɗai na san inda zan duba. Yatsunta nake dubawa. Su ne suke fara motsi a cinyarta tun ba ta sani ba, sannan ido ya rufe, sannan jiki ya fara lilo, daga nan kuma wadda take zaune a wurin ba uwata ba ce, ba ta san ni ba, ko na yi kuka ba ta waigowa. Gwaggona ce ta ɗauke ni daga wurinta ta riƙe ni har aure. Ranar da za a tafi da ni, wata tsohuwa a gidan ta kama hannuna ta duba, ta saki, ta ce da gwaggona:

"Tafi da ita, ba ita suke so ba. Amma ba sa barin gida. In sun tsallake 'ya, a kan jika suke sauka."

Wannan maganar na ɗauko ta daga Garwa har bakin teku. Duk wanda na haifa a cikinku sai na duba hannunsa. Babanku kuwa, in mai kalangu ya tsaya a ƙofar gida ranar suna, yakan sallame shi da mutunci, sannan ya juyo ya ce da ku, mu ba mu gaji roƙo ba, ba mu gaji kiɗa ba. Ni in sunkuyar da kai in ci gaba da abin da nake yi.

Ana nan, wata Lahadi babanku ya tafi ɗaurin aure Logbaba, sai ga Habu a bayan benskin rungume da wani dogon akwati na katako, faɗinsa ya fi na mutum. Bai biyo ta inda nake ba. Ya shige ɗakinsa, na ji yana tura abu ƙarƙashin gado. Da ya fito na tambaye shi a fakaice, ya ce kayan atelye ne, patiron, wato maigidansa, ya ce ya ajiye. Bai dube ni ba da yake faɗa. Daga ranar ya sayi kwaɗo ya sa wa ƙofarsa, shi da ko labule bai damu da shi ba. Duk Lahadi bayan azahar sai ya shiga ya kulle ta ciki. Gidanmu na katako ne, kun tuna, in mutum ya yi tari a ɗaki ɗaya sai na ɗaya ɗakin ya ce masa sannu. Na kasa kunne. Ba rediyo, ba magana. Wani ɗan sauti ne kawai, tik, tik-tik, tik, kamar gara tana cin azara.

Lahadi uku na daure. A ta huɗu na ajiye tsintsiya, na je bayan ɗakin inda katako biyu suka rabu, na sa ido. Yana zaune a bakin gado, abin yana kan cinyarsa. Na san gita, wanda ya zauna Douala ai ya san gita, kiɗan makosa ba ya barin kowa ya yi barcin rana. Gita wuyanta ɗaya, ana riƙe wuyan da hagu, a kaɗa tsirkiya da dama a kan cikinta, kuma ƙararta tana kai wa layi na uku. Wannan wuyanta biyu, ɗaya bisa ɗaya, sun fito daga jiki ɗaya kamar ɗan akuya mai kai biyu da aka taɓa haifa a unguwarmu ta Garwa aka binne shi tun kafin rana ta fito. Na sama siraran tsirkiyu gare shi, na ƙasa masu kauri guda huɗu. Habu bai taɓa cikinta ba ko sau ɗaya. Hannun dama yana kan wuya ɗaya, na hagu yana kan ɗayan, yatsu suna sauka suna tashi, irin tafiyar nan da na sani ta bakin faranti. Ga aiki ana yi kamar za a fasa ɗaki, amma kiɗa babu. Wata siririyar igiya ta fito daga jikin abin ta shiga wata 'yar ƙaramar na'ura kamar sabulu, daga nan ta hau zuwa kunnuwansa. Idonsa a rufe. Jikinsa yana lilo gaba da baya. Sai ya yi murmushi shi kaɗai, ya gyaɗa kai, kamar wanda aka gaya wa magana ya amsa.

Na koma tsakar gida. A raina na ce, kiɗan da ɗan Adam ba ya ji, don wa ake yin sa? Abu mai kai biyu, yana yi masa magana a kunne, shi kuma yana amsawa. Wanda maciji ya sara, ko tsumma ya gani sai ya yi tsalle, na sani. Amma a ranar ban ga tsumma ba, uwata na gani a bakin gado da gemu.

Da ni mai baki ce, da na buga ƙofa na ce Habu mene ne wannan, da ƙila magana ta ƙare a nan. Ban yi ba. Na ji tsoron in tambaya a amsa mini da wata murya. Babanku kuma ba halin in gaya masa, don zai tambayi inda na san waɗannan abubuwa. Sai na bi ta hanyar da na iya, ta shiru. Na karɓo rubutu ina zuba masa a kunu. Na yi ta turara habbatussauda a ƙofar ɗakinsa in ce sauro nake kora. In ya dawo aiki in dubi ƙwayar idonsa, in yi masa tambayar da na san amsarta, sunan kakansa, ko abin da ya ci jiya, don in ji ko shi ne. Har ya fara cewa, Inna, mantuwa ta fara kama ki ne? Kome ya yi sai na ba shi fassara. In ya ci da yawa in ce ba shi kaɗai yake ci ba. In bai ci ba in ce an ciyar da shi a wani wuri. Zato in ya samu ɗaki a zuciya, ba abin da ba ya mayarwa shaida.

Yaya kuwa tana gida wuni, jego ya ishe ta, ba ta da abin yi sai tsokana. Ban san yadda aka yi ta samu makullin ba, ta buɗe ta gani. Da yamma yana wanke ƙafa a bakin rariya ta fara.

"Ango, ya amarya? Mai wuya biyun nan. Sarƙa biyu za ka saya mata ko ɗaya za su raba?"

"Yaya, ki fita harkata."

"Kai, ji shi! Wallahi sai na gaya wa Baba yana da suruka a ƙarƙashin gado."

"Ki gaya mana. Ni ma in gaya wa mijinki ke kike cinye naman jegon da yake aikowa, yaro ko romo bai gani ba."

"Yaron wata ɗaya zai ci nama, jahili? Bari dai damina ta yi ƙarfi. Ranar da ruwa ya shigo, amaryarka zan fara miƙa masa."

Suka yi dariya su biyu, ya watsa mata ruwan buta, ta jefe shi da takalmi. Haka suke tun suna ƙanana, kamar harshe da haƙori. Ni ina jin su daga madafa ina cewa a raina, yarinya, kina wasa da abin da ba ki sani ba.

Daminar ta yi ƙarfi kuwa. Ranar tun da asuba aka fara, irin ruwan Douala da ba ya tsawa, ba ya fushi, zuba kawai yake yi. Babanku ya tafi kasuwa don ya ɗaga yadinsa, Habu ya tafi atelye. Da hantsi kwatar layinmu ta cika ta dawo da baya, baƙin ruwa ya fara shigowa ta ƙarƙashin ƙofa da leda da bawon rake. Wanda ya zauna New Bell ya san aikin, ba a shawara: katifa bisa tebur, buhun gari bisa katifa, tukwane bisa armuwa, abin da ya rage a rataye a ƙusa. Ƙananan suna lekol, wato makaranta. Mu biyu ne a gida da jinjiri. Yaya ta miƙo mini shi, ta ɓalle kwaɗon ɗakin Habu da taɓarya, ta shiga tana ɗaga kaya. Ta ɗaga katifarsa, da jakarsa, da akwatin aikinsa, har tsofaffin silifas ɗinsa ta ɗora a kan taga. Sai na ji ta kira.

"Inna, zo ki kama mini wannan, nauyi gare shi!"

Na shiga, ruwa a idon sawu. Ta jawo dogon akwatin daga ƙarƙashin gado, ta ɗaga kai ɗaya tana nishi, ga ta ba ta gama arba'in ba. Jinjirin ya tsala kuka a kafaɗata. Na miƙa mata shi.

"Karɓi yaronki ki hau gado da shi. Mai jego ba ta tsayawa a ruwan sanyi. Zan ɗaga."

Ta karɓe shi ta fita. Na tsaya ni da akwatin. Ba zan ce muku shaiɗan ya ruɗe ni ba, ko hankalina ya gushe. Hankalina ɗaya. Na duba saman gadon, akwai wuri, kuma zan iya ɗagawa, na ɗauki abin da ya fi shi nauyi a rayuwata. Na ce a raina, ni ban ƙona ba, ban fasa ba, ban sace ba, Allah ne ya aiko ruwansa. Na sa ƙafa na tura akwatin ya koma inda yake. Na ja ƙofar.

Ruwan ya kai gwiwa kafin azahar, bai janye ba sai bayan la'asar. Habu ya shigo da wandonsa a naɗe, bai gaida kowa ba, ya wuce ɗakinsa. Ya fito da akwatin tsakar gida ya buɗe a gaban kowa, don ɓoyo ya ƙare. Laka ta cika shi. Katakon ya sha ruwa ya kumbura, wuya ɗaya ya saki daga jikin, ɗayan ya karkace. Ya durƙusa yana share lakar da rigarsa. Sannan ya miƙe ya koma ƙofar ɗakin, ya daɗe yana kallon silifas ɗin nan a kan taga, a bushe.

"Wa ya ɗaga kayan ɗakina?"

"Ni ce," in ji Yaya.

"Kin tuna da silifas."

"Habu, tsaya ka ji..."

"Shekara biyu, Yaya. Da hannuna na sassaƙa ta. Kin faɗa, na ɗauka wasa ne. Ashe ke ba ki wasa."

Ta juyo ta dube ni. Kallo ɗaya, ba mai tsawo ba. Ni ina tsugune ina matse tsumma a bokiti, na ci gaba da matsewa. Habu ya gaya mata maganganun da ba zan sa a takarda ba, a ƙarshe ya ce daga yau ba shi da yaya. Ana cikin haka babanku ya shigo, ya dubi abin da ke cikin akwatin, ya dubi Habu, ya ce, ashe abin da kake yi mini a gida ke nan, to Allah ya riga ni hukunci. Ya nemi buta.

Ga inda al'ada ta rufa mini asiri. Uwa ba ta shiga faɗan 'yar fari, ba ta kare ta a gaban mutane, ko sunanta ba ta kira. Don haka shiruna bai ba kowa mamaki ba. Washegari Ya Falmata har yabona take yi a bakin famfo, wai Maman Habu mai kunya ce ta gaske, ana zagin 'yarta a gabanta ko ɗaga kai ba ta yi ba, irinsu sun ƙare. Na karɓi yabon. Na ɓuya a bayan kunya kamar ɓarawon da ya shiga sahun masu salla.

Habu ya kwashe kayansa a satin ya koma kwana a atelye. Ni kuwa zuciyata ba ta kwanta ba, na ce an kashe maciji ba a sare kansa ba, tunda wanda ya ba shi abin yana nan. Bayan sati uku na ƙulla dambu a kwano, na hau benskin ni kaɗai zuwa Ndogpassi, abin da ban taɓa yi ba, wai na kai wa ɗana abinci. Gidan tsafin na je gani da idona. Na tarar da rumfar kwano cike da garin katako, da wani tsoho mai gilashi ɗaure da zare yana shafa wa kujera fenti. Habu ya tafi sayen katako. A bango gitoci ne rataye, wasu ba wuya, wasu ba ciki, a kan benci kuma ga ta Habu a warwatse ana shanya ta. Faransancina na kasuwa ne, tasa Hausar ta sayen suya ce, muka haɗa da Pijin muka fahimci juna.

"Asiya, Mama," ya ce, sannunsu ke nan ta jaje. "Ni ma na yi kuka. Wuyan nan biyu na gitocin da masu su suka yar ne. Ɗanki ya ce, Papa, me zai hana su zauna a jiki ɗaya? Na ce kai mahaukaci ne. Ya yi."

"Me ya sa ba ta ƙara?" na tambaye shi. "Wa yake kaɗa wa?"

Ya dube ni ta saman gilashi, ya ɗauko wata gita daga bango. Ya nuna mini ƙananan ƙarafa da aka jera a wuyanta kamar matakala. Ya ce in ka buga tsirkiya da kan yatsa ta daki ƙarfen nan, tana yin sauti, amma ƙarami, sai an sa mata wuta take girma. Ya buga, na ji tik ɗin nan da na sani. Ya jona igiya a wani akwatin magana ya sake bugawa, sai da kwanon rumfar ya amsa. Ya ce tunda ba sai an kaɗa a ciki ba, hannun dama ya samu 'yanci, sai ya hau nasa wuyan. Hagu ya riƙe babbar murya a ƙasa, dama ya yi waƙa a sama.

"Aikin mutum biyu ne, Mama, a jikin mutum ɗaya."

"Abin da nake tsoro ke nan," na ce.

Ya yi dariya har da tari, bai san da gaske nake ba. Ya ce abin kunnen kuwa don kada babansa ya ji ne, yaron ya ce gidansu ba a kiɗa. Sannan ya ciro wayarsa ya ce ya taɓa ɗaukarsa yana yi, ya sa mini igiyar a kunne da hannunsa mai fenti. Na yi bismilla a ɓoye.

Da farko wata murya ce mai kauri tana takawa. Sai wata siririya ta hau kanta. Ban kai ga numfashi na uku ba na gane ta. Kiɗan uwata ne. Wanda masu garaya suke yi mata, wanda yatsunta suke fara amsawa. Na fizge igiyar daga kunnena.

"A ina ya samo wannan?"

"A wurinki mana. Ya ce waƙar mamansa ce. Kullum in kina suya da safe kina yin ta a hanci, tun yana goye."

Wallahi ban san ina yi ba. Shekara da shekaru ina duba hannuwanku, ina tsaron ƙofa, ashe ta bakina abin yake shiga gidan. Na bar kwanon a kan benci na fito, ko sallama ban yi wa tsohon ba.

Za ku ce to daga nan ai sai in faɗi gaskiya. Na yi niyya a kan benskin, kafin mu iso New Bell niyyar ta narke. In na ce ni ce, za a ce don me, in na faɗi don me, sai na tono uwata a gaban babanku bayan na binne ta shekaru. Kuma ba zan ɓoye muku ba, zaton bai mutu duka ba. Wata zuciyar ta ce mini, to wa ya sa waƙar a bakinki, wa ya zaɓi wannan yaron ya ji ta a cikin 'ya'ya shida? Har yau ban iya amsa wannan ba. Na ce bari ƙura ta lafa. Yaya ta koma ɗakinta, daga baya mijinta ya samu aiki suka tashi zuwa Makèpè. Habu ya kama ɗaki a Logbaba, ya yi aure, Yaya ta aika da tukwane aka dawo mata da su. Ya buɗe nasa atelye, ya sake sassaƙa wata mai wuya biyu, ana ce mini har a waya ana kallonsa, ban taɓa cewa a nuna mini ba. Babanku ya rasu, suka zauna zaman makoki a tabarma biyu, ɗaya ba ya kallon ɗaya. Jinjirin nan da na miƙa wa uwarsa a cikin ruwa yanzu ya fi ta tsawo, kuma bai san hanyar gidan kawunsa ba. Ni kuwa duk Juma'a bayan masallaci Habu yana zuwa ya durƙusa ya gaishe ni, da ledar lemu ko kifi, ya ce Inna ki sa mini albarka. In sa masa. Wannan gaisuwar ce na kasa sayarwa. Na bar 'yata tana biya mini ita.

Watan jiya da ƙafata ta kumbura, Yaya ta zo ta kwana biyu tana gasa mini. Tana cikin shafa man zafi na ce mata akwai abin da zan rubuta game da shekarar ruwa. Ba ta ɗago ba.

"Ki bar shi, Inna. Ya wuce."

"Ba ki san abin da zan rubuta ba."

"Na sani. Na dawo ɗaukar zanen goyo a bakin ƙofa. Na ga ƙafarki."

Sannan na tambaye ta abin da ya hana ta faɗa duk shekarun nan, ko sau ɗaya, ko cikin fushi.

"In ya ƙi ni, yana da ke," ta ce. "In ya ƙi ki, wa yake da shi? Miƙo ɗaya ƙafar."

Ta ce in bari, amma wannan karon ba zan ji maganarta ba. In na gama babin nan, kada a jira sai na mutu, kada kuma a karanta shi a taro. A kai wa Habu shi kaɗai, ya karanta a atelye ɗinsa, sannan sauran ku.

Habu, da kai nake yanzu. Yayarka ta jawo akwatin, ta ɗaga kai ɗaya da jikin jego, ta kira a kama mata. Ni na tura shi. Ba na neman ka ce ba komai, don da komai. Juma'a mai zuwa in an sauko daga masallaci, kada ka fara da ni. Ka hau benskin ka wuce Makèpè, gidan mai koren ƙyaure ne bayan gidan burodi, tunda ba ka san shi ba. In ka fito daga can ka ga za ka iya biyowa ta nan, ina gida. In ba ka iya ba, na san dalili, kuma albarkar da nake sa maka ba sai ka zo karɓa ba.